Da ba a caka wa Monica Seles wuƙa ba, da ta fi Steffi Graf?

"Assalamu alaikum Koci. Don Allah ina da tambaya, ni ban daɗe da fara bin tanis ba, zamanin Serena Williams na fara kallo. To kwanaki muna hira da kawuna sai yake ce min wai kafin Serena an yi wata Monica Seles da aka caka wa wuƙa ana tsakiyar wasa, kuma wai da ba a yi mata haka ba da Steffi Graf ba ta kai inda ta kai ba, da ita Seles ɗin za a riƙa cewa ta fi kowa. Ni kuma da na duba sai na ga Graf Grand Slam 22 gare ta, Seles 9 kacal, kuma a haɗuwarsu Graf ta ci 10 ita ta ci 5. Gaskiya ne maganar kawu ko dai son mutanen zamaninsa ne kawai? Na gode."

Wa alaikumus salam ƙanwata, ki gaida min kawu da kyau. In na fahimce ki tambaya biyu kika haɗa. Ta farko, a lokacin da aka kai wa Seles hari da gaske ita ce a gaban Graf? Ta biyu kuma, da an bar ta ta ci gaba da wasanta lafiya da ta tara kofunan da suka fi na Graf? Ta farkon tana da amsa ƙarara domin sakamakon wasanni yana nan a rubuce. Ta biyun kuwa hasashe ce, abin da bai faru ba sai Allah, amma dai wanda ya daɗe yana koyar da wasan nan zai iya auna abubuwa ya faɗi inda zuciyarsa ta fi karkata, kuma zan faɗa miki nawa ba ɓoye-ɓoye.

Saboda masu karatu da ba su saba ba, Grand Slam su ne manyan gasannin tanis, guda huɗu ne a shekara: Australian Open a Melbourne a watan Janairu, French Open a Paris a kan jar ƙasa, Wimbledon a Landan a kan ciyawa, sai US Open a New York. Na Melbourne da na New York a kan daɓe mai tauri ake yin su. Ki riƙe maganar bambancin filayen nan, za ta yi mana amfani can gaba.

Inda ta fito

An haifi Monica Seles ranar 2 ga Disamba 1973 a garin Novi Sad, lokacin yana cikin Yugoslabiya, yanzu yana Sabiya, amma iyayenta 'yan asalin Hangari ne. Mahaifinta Karolj mai zanen barkwanci ne a jaridu, shi ya fara koya mata wasan a filin ajiye motoci, ya ɗaura igiya tsakanin motoci biyu ta zama raga. Kuma shi ne ya bar ta tana riƙe raket da hannu biyu ta kowane gefe, abin da kusan duk wani koci na wancan lokacin zai hana ta tun tana ƙarama. A 1985 ta ci gasar yara ta Orange Bowl a Amurka, daga nan kocin tanis Nick Bollettieri ya gan ta, a 1986 ta koma makarantarsa ta tanis a Florida.

A 1989 tana da shekara 15 ta shiga sahun ƙwararru, kuma kofinta na farko a Houston ta ci shi, a wasan ƙarshe ta doke Chris Evert, wato matar da ke da Grand Slam 18. To a wannan shekarar ce ta haɗu da Graf sau uku kuma duk ukun Graf ta ci, ciki har da wani duka da ta sha a Wimbledon 6-0, 6-1. Kin ga tun daga nan lissafin 10 da 5 ɗin da kika gani ya fara warwarewa, uku daga cikin goman nan yarinya 'yar shekara 15 aka doke, kuma wadda ta doke ta ita ce matar da a 1988 ta cinye Grand Slam huɗun duka ta haɗa da zinaren Olamfik na Seoul, abin da har yau babu wanda ya sake yi a shekara ɗaya a wasan ƙwararru na mutum ɗaya, namiji ko mace, in ba a ɓangaren masu keken guragu ba.

Daga 1990 zuwa farkon 1993

A nan ne maganar kawu take da ƙarfi, kuma sosai. A watan Mayun 1990 Graf ta shiga wasan ƙarshe a Berlin tana da nasara 66 a jere babu faɗuwa, a ƙasarta a gaban mutanenta, Seles ta tsinke wannan jerin. Bayan 'yan makonni suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na French Open, a taibirek ɗin set na farko (set shi ne zangon wasa, taibirek kuma shi ne raba gardamar da ake yi in an yi kunnen doki 6-6 a set) Graf tana gaba 6-2, wato maki ɗaya kawai take nema kuma tana da dama huɗu, yarinyar nan ta ci maki shida a jere ta ɗauke set ɗin, ta ƙarasa wasan 7-6, 6-4. Shekararta 16 da wata 6, kuma har yau babu wadda ta ci French Open da ƙarancin shekaru kamar haka. A ƙarshen shekarar ta ci gasar zakaru ta New York bayan ta yi set biyar da Gabriela Sabatini ta Ajantina.

A watan Maris 1991 ta karɓe matsayin lamba ɗaya a duniya daga hannun Graf, wadda ta yi mako 186 a jere tana zaune a wurin. Daga Janairun 1991 zuwa Janairun 1993 an yi Grand Slam tara, Seles ta shiga takwas domin ba ta je Wimbledon ta 1991 ba saboda ciwon ƙafa, a cikin takwas ɗin nan ta ci bakwai, ɗayan kuma sai a wasan ƙarshe ta faɗi. Australian Open uku a jere, 1991, 1992, 1993. French Open uku a jere in an haɗa da na 1990. US Open biyu, 1991 ta doke Martina Navratilova, 1992 ta doke Arantxa Sanchez Vicario ta Sifaniya. Grand Slam takwas kenan kafin ta cika shekara 20. Ita kuwa Graf daga French Open ta 1990 har zuwa ranar harin, Wimbledon biyu kawai ta ci.

A wasan ƙarshe na Grand Slam sun haɗu sau huɗu kafin harin, Seles ta ci uku. Na Paris a 1992 sai da aka kai 10-8 a set na uku, na Melbourne a 1993 Graf ce ta ci set na farko sannan Seles ta juya wasan 4-6, 6-3, 6-2. Wanda Graf ta ci shi ne Wimbledon ta 1992, 6-2, 6-1, kuma a gasar nan an yi ta surutu a kan nishin da Seles ke yi in ta bugi ƙwallo, har wasu abokan wasanta suka kai ƙara wajen alƙalin wasa, sai ta shiga wasan ƙarshe tana ƙoƙarin yin shiru. Wasu na cewa shi ya kayar da ita. Ni ban yarda ba gaskiya, ya dai taɓa ta, amma Graf a kan ciyawa a ranar ko da nishin da sai ta ci.

To amsar tambaya ta farko: ƙwarai, kawu ya yi gaskiya, ranar 30 ga Afrilu 1993 Monica Seles ce ta fi kowace mace iya tanis a duniya, kuma ba da ɗan ƙaramin rata ba.

Me ya sa wasanta ya dami Graf

Nan ne nake so in ɗan daɗe domin shi ne aikina. Graf tsarin wasanta a bayyane yake kowa ya san shi amma an kasa maganinsa: sabis (bugun fara wasa) mai kyau, ƙafa mai sauri wadda ni ban ga macen da ta fi ta ba, fohand (duka ta gefen hannun da take riƙe raket) mai ƙarfin gaske, sai bakhand (duka ta ɗaya gefen) da yawanci yankawa take yi da hannu ɗaya ƙwallon ta tafi ƙasa-ƙasa tana sulɓewa. Yankan nan ba don ta ci maki take yin sa ba, tana yi ne ta sa ki ɗago ƙwallon sama, ita kuma ta zagayo ta same ta da fohand ta kashe. Wannan tsarin yana buƙatar abu ɗaya, lokaci. Sai ta samu ɗan daƙiƙar da za ta zagaya.

Seles kuwa lokacin take ƙwacewa. Tana tsayawa a kan layin baya ko ma cikinsa, ba ta jiran ƙwallo ta tashi ta fara saukowa, tana tasowa daga ƙasa take dukanta, to ƙwallon kan dawo wa abokiyar wasa tun ba ta gama komawa tsakiya ba. Ga shi bahaguwa ce, fohand ɗinta in ta buga shi a karkace kai tsaye bakhand ɗin Graf yake nufa, wato gefenta mai ƙarfi yana cin gefen Graf mai rauni duk tsawon wasa. Sannan da yake hannu biyu take sawa ta kowane ɓangare babu gefen da za a ce nan ne lagonta a yi ta aika ƙwallo can, kuma hannu biyun yana ba ta damar karkata raket a ƙurarren lokaci ta fitar da ƙwallo wani lungu da ba a zata ba, abokiyar wasa ba ta iya karanta inda ƙwallon za ta. Uwa uba yadda take mayar da sabis, musamman sabis na biyu, wato wanda ake yi in na farko ya ɓaci, shigowa take yi ta far masa kamar ita ce mai sabis ɗin. Abin da kika ga Serena da su Sharapova suna yi daga baya, na tsayawa a kan layi a yi ta duka ta kowane gefe, Seles ce ta fara nuna cewa mace za ta iya cin duniya da shi.

Amma tsarin yana da tsada, kuma duk kocin da ya taɓa koyar da yaro mai hannu biyu ta ko'ina ya san wannan. Hannu biyu ba ya miƙewa kamar hannu ɗaya, ƙwallon da mai hannu ɗaya zai miƙa ya taɓo, mai hannu biyu sai ya ƙara taku ɗaya ko biyu kafin ya same ta a daidai. Yaran da nake koyarwa in na ga yaro ya nace wa hannu biyu ta fohand ba na hana shi nan take, ƙafarsa nake fara dubawa, in mai sauri ne kuma yana karanta ƙwallo da wuri sai in bar shi, in kuwa mai nauyin ƙafa ne to nakan raba shi da shi tun da wuri domin gaba zai wahala. Wato wasan Seles gaba ɗaya a kan abu biyu yake zaune, ƙafa mai kai ta wurin a kan lokaci, da zuciyar da ba ta ɗar ko kaɗan, domin mai dukan ƙwallo tana tasowa in ya yi shakka na ƙiftawar ido ta wuce shi. Waɗannan biyun ne kuma harin ya taɓa.

Hamburg

Ranar 30 ga Afrilu 1993 tana wasan kwata fainal da Magdalena Maleeva ta Bulgeriya a Hamburg ta ƙasar Jamus, tana gaba 6-4, 4-3, suka zauna hutun canjin gefe. Wani Bajamushe mai suna Günter Parche, ɗan shekara 38, ya sauko daga cikin 'yan kallo ya miƙo hannu ta bayanta ya caka mata wuƙar yankan nama a tsakanin allunan kafaɗa. Da farko mutane sun zaci siyasa ce saboda a lokacin ana yaƙi a Yugoslabiya, ashe mutumin masoyin Graf ne da son ya zame masa ciwo, da bakinsa ya ce so yake Graf ta koma lamba ɗaya. Allah ya taƙaita wuƙar ba ta yi zurfi ba kuma ba ta taɓa laka ba, raunin jiki ya warke cikin makonni. Amma Seles ba ta sake buga gasa ba sai watan Agustan 1995.

Mutane da yawa a nan suke kuskure, sai su ce ai ciwon ƙarami ne me ya zaunar da ita sama da shekara biyu. Ki duba abin da ya biyo baya. Ba a dakatar da gasar ba, tana kwance a asibiti aka ci gaba da wasa, har aka kai ga ba da kofi. Bayan kamar mako guda manyan 'yan wasa mata suka zauna a Rome aka tambaye su ko a ajiye mata matsayinta na lamba ɗaya har ta dawo, suka ce a'a, Sabatini ce kaɗai ta ƙi jefa ƙuri'a. Mu mukan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, to ranar dai bai zama haka ba, kodayake na san dalilinsu, matsayi a tanis kuɗi ne, shi ke sa a raba ki da manya a zagayen farko, shi kamfanonin talla ke kallo, kowa ta duba nata. Duk da haka abin bai yi min daɗi ba har yau. Sai kotu: ba a tuhumi Parche da yunƙurin kisa ba, aka ce yana da taɓin hankali, aka yanke masa shekara biyu na je-ka-gyara-halinka ya koma gida, aka ɗaukaka ƙara hukuncin bai canza ba. Abin da ya nema kuma ya samu, cikin 'yan makonni Graf ta koma lamba ɗaya. Seles ta ce ba za ta sake wasa a Jamus ba, kuma ba ta sake ba. Ana cikin haka aka gano mahaifinta, wanda shi ne kocinta kuma abokin shawararta, yana da ciwon daji. Ita da kanta daga baya ta bayyana yadda ta faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani da ciwon cin abinci ba ƙaƙƙautawa, tana ci a ɓoye, jikinta ya yi nauyi, kuma ta yi shekaru tana fama da shi.

Ni ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, iyakata fili, amma abin da na gani a fili zan faɗa. Na taɓa koyar da wata yarinya mai son zuwa gaban raga, rannan ƙwallo ta same ta a ido, kumburin ya sace cikin kwanaki amma ta yi watanni in na ce ta matso gaba sai ƙafarta ta tsaya, ba da gangan ba, ita kanta tana jin haushin abin. Wannan ƙwallo ce fa, a wajen atisaye, babu wanda ya nufe ta da sharri. To ina ga wadda mutum ya zo da wuƙa. Kuma ki lura da inda aka yi abin, hutun canjin gefe daƙiƙa 90 ne, shi ne kaɗai lokacin da ɗan wasa ke sauke numfashi ya sha ruwa ya tattara hankalinsa, kuma a zaune yake ya ba 'yan kallo baya. A wasa ɗaya sai a zauna haka sau goma ko fiye. Masu gadin da kike gani yanzu suna tsaye a bayan kujerun 'yan wasa sun fuskanci jama'a, bayan abin da ya sami Seles ne aka tsaurara wannan.

Bayan ta dawo

Seles ta zama 'yar ƙasar Amurka a 1994. Da ta dawo a 1995 hukumar tanis ta mata ta ba ta lamba ɗaya tare da Graf, kuma gasarta ta farko a Toronto ta cinye ta, wasan ƙarshe 6-0, 6-1 a kan Amanda Coetzer ta Afirka ta Kudu, bayan sama da shekara biyu ba ta wasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki irin hannun da Allah ya ba ta. Ta je US Open ta kai wasan ƙarshe ta haɗu da Graf, aka tashi 7-6, 0-6, 6-3 Graf ta ci, a set na uku ana gani ƙafar Seles ta gaji. Janairun 1996 ta ci Australian Open a kan Anke Huber, shi ne na tara kuma na ƙarshe. Ta sake faɗuwa a hannun Graf a wasan ƙarshe na US Open 1996. A 1998 mahaifinta ya rasu a watan Mayu, bayan 'yan makonni ta je Paris ta doke Martina Hingis wadda ke lamba ɗaya a sami fainal, ta faɗi a wasan ƙarshe a hannun Sanchez Vicario. Ta ci tagulla a Olamfik na Sydney a 2000, wasanta na ƙarshe a French Open ta 2003 ciwon ƙafa ya tsayar da ita, ta sanar da ritaya a 2008 da kofuna 53. A 2025 kuma ta bayyana cewa tana fama da wata cuta mai raunana tsoka da ake kira myasthenia gravis, Allah ya ba ta lafiya.

Bayan dawowar nan sun haɗu da Graf sau biyar, Graf ta ci huɗu. To kin ga yadda 10 da 5 ɗin ya rabu: uku tana 'yar 15, huɗu bayan hari, a tsakiya kuma daga 1990 zuwa 1993 Seles ce a gaba 4 da 3. Hannun yana nan bayan ta dawo, dukan yana nan, amma takun nan ɗaya da na ce miki mai hannu biyu yana buƙata shi ne ya riƙa makara, ga ciwon kafaɗa ga na ƙafa suna ta bin ta.

Inda zan ja da kawu

Grand Slam 22 na Graf, 11 kafin harin ne 11 bayansa. A Grand Slam goma da aka yi Seles ba ta nan Graf ta ci shida. Duk mai adalci zai ce da Seles na nan da ba ta ci shidan duka ba. Amma daga nan zuwa cewa da Seles ta fi kowa akwai tazara, kuma dalilaina ga su.

Na ɗaya ciyawa. A kan ciyawa ƙwallo ba ta tashi, sulɓewa take yi, yankan Graf ya fi cizo a can, kuma mai hannu biyu sai ya durƙusa ya miƙa a lokaci guda. Seles sau ɗaya ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon, Graf ta ci Wimbledon bakwai. Ko da babu Parche ban ga yadda za a yi Seles ta riƙa ƙwace wannan kofin daga hannun Graf a kai a kai ba, ta yiwu ta samu ɗaya a shekarar da hanya ta buɗe, kamar yadda Conchita Martinez ta samu a 1994. Ita kuwa Graf kowane ɗaya cikin huɗun ta ci shi aƙalla sau huɗu, kuma wannan babu wanda ya kamo ta.

Sannan Graf ba ta ƙare ba a 1993, shekararta 23 kacal, kuma shekarun da Seles ta fi ta sun zo daidai da lokacin da Graf ke fama da rigingimun gida da jaridun Jamus suka sa mahaifinta a gaba. Wasanninsu na lokacin ma ba wai wanke ta ake yi ba, wanda aka kai 10-8 a set na uku ai kowa na iya ci. Kuma mace ce mai taurin zuciya ita ma, US Open ɗin 1995 da ta ci mahaifinta yana tsare a kan maganar haraji ta ci shi. Irin waɗannan in an matsa musu gyara suke yi.

Abu na uku shi ne wanda masu hasashe ba sa son ji, yarinyar da ta fara cin duniya da wuri ba dole ba ne ta ɗore. Tracy Austin ta ci US Open tana da shekara 16 a 1979, ta sake ci a 1981, ciwo ya gama da ita tun tana 'yar ashirin da kaɗan. Hingis ta ci Grand Slam biyar, na ƙarshen a Janairun 1999 tana da shekara 18, duk wanda ya gan ta a lokacin zai rantse sai ta kai goma sha, ba ta ƙara ko ɗaya ba a wasan mutum ɗaya. Kuma daga wajen 1998 su Lindsay Davenport da Venus da Serena suka iso da irin dukan Seles ɗin amma da tsawo da sabis da ya fi nata, wato ko lafiyarta ƙalau ƙofar za ta fara ƙunci daga nan.

To ni ra'ayina, shekarun da aka sace mata su ne 1993 zuwa 1997, daga shekara 19 zuwa 23, kuma a tanis na mata na wancan zamanin su ne tsakiyar ƙarfin 'yar wasa, ga shi a Melbourne 1993 an fara ganin sabis ɗinta yana ƙara kyau, wato ba ta ma gama girma ba. Da an bar ta, ina ganin Melbourne da Paris nata ne a mafi yawan shekarun, ki tuna sai da ta ci wasa 33 a jere a Australian Open kafin a fara doke ta a can a 1999. Wimbledon na Graf, New York kuma su yi ta raba shi. A lissafina da su biyun sun ƙare kusa da juna, kowacce da goma sha wani abu, kuma da Graf ba ta kai 22 ba. Wacce za ta ɗara ɗayar, nan kam ba zan yanke ba, duk wanda ya yanke miki son ransa ya faɗa. Ki ce wa kawu rabin maganarsa tabbas ce, ɗaya rabin kuma mai yiwuwa ce amma ba a rantsuwa a kanta. Kuma kada a ɗora wa Graf laifin da ba nata ba, ta je asibiti ta duba Seles, wanda aka sa a gabanta kawai ta doke.

In kina so ki auna da idonki, ki nemi wasan ƙarshe na French Open 1992 da na Australian Open 1993 a YouTube, sannan ki kalli na US Open 1996. Kada ki bi ƙwallo da ido, ƙafar Seles za ki kalla: inda take tsayawa in Graf za ta yi sabis na biyu, da yawan lokutan da aka ja ta gefe har ta saki hannu ɗaya daga raket don ta taɓo ƙwallo. Ki ƙirga su a wasannin farko ki ƙirga a na 1996, sai ki turo min abin da kika samu mu ƙara tattaunawa.